Kuɗin Allurar Auta Suna Cikin Barkono

Ciwon mahaifinmu ne ya koya mini tsoron zama ba kuɗi a hannu. Ina aji huɗu a sakandare ya kwanta, kuma kafin ya rasu na ga yadda ɗakin Inna, mahaifiyarmu, ya riƙa yin fili. Kwanukan jerenta suka bi dillaliya ɗaya bayan ɗaya, sai tumakinta, sai keken ɗinki. Farashin da aka saye su ya fi sayarwar ci mini rai. Duk wanda ya ji akwai mara lafiya a gida ya san ba za ku iya jira ba, sai ya taya abin da ya ga dama, ku sallama, har ku yi masa godiya.

Shi ya sa da na gama makaranta na sami aikin buga taifireta a wani ofis a Tudun Wada, tun albashin farko na fara cire wani abu ina ajiyewa. Ba don kayan ɗaki ba, kodayake haka matan gidanmu suka ɗauka. Na ajiye ne don ranar da wani zai kwanta.

Wurin ajiyar ne ya dame ni. Na fara da ƙarƙashin katifa, sai na ga a shekarun nan kaya na tashi kamar ana kora su, abin da zai sayi mudu biyu wannan watan ba zai sayi ɗaya da rabi ba a wata mai zuwa. Adashi kuwa sai kwasarki ta zo, ciwo kuma ba ya tambayar kwasar wa ce. Wata abokiyar aikina da ke zaune a Gyallesu ta raka ni banki na buɗe asusun ajiya. Akwai layi, a ba ki lambar ƙarfe ki zauna har ƙafarki ta yi tsami, kuma ba sa buɗewa Asabar da Lahadi. Amma ranar da kika je ranar za ki fito da kuɗinki, ba wanda zai tambaye ki me za ki yi da su. Kuma suna ɗan ƙara wani abu a kai.

Gidanmu a cikin birni yake, gidan karatu. Yayan mahaifinmu, wanda muke ce wa Baffa, shi ne mai gidan. Manyan mutane masu gemu ke zuwa ɗaukar karatu a zaurensa tun da safe. Mu uku ne a sashen baya: Inna, ni, da ƙanwata Auta, wadda ba ta cika shekara goma ba. Auta baki gare ta. Tana kwaikwayon tafiyar kowa a gidan, ni kuma ta sa mini suna Yaya Taifireta, in na dawo aiki ta zauna tana buga yatsu a kan faranti tana ɗaure fuska wai ni ce. Akwai kuma Gwaggo, ƙanwar su Baffa, wadda ta dawo gida da zama tun ban yi wayo ba, kuma ba abin da ke wuce kunnenta.

Wata rana da yamma a tsakar gida na gaya wa Inna cewa na je banki na tarar an yi mini ƙari. Murna nake. Gwaggo na gefe tana tsintar shinkafa, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ƙari? Kuɗin ne suka haihu a ɗakin banki? To wa ya yi musu cikin?"

Auta ta fashe da dariya. Inna ba ta yi ba.

Kashegari bayan la'asar Baffa ya aiko a kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofar turakarsa. Bai yi faɗa ba, shi ba mai ɗaga murya ba ne. Ya ce kuɗin ruwa haramun ne, kuma ba a taɓa shigo da shi gidan nan ba tun kakanni, ba zai fara shigowa a zamaninsa ta hannun 'yar ƙaninsa ba. Ya ce in je in kwaso duka, ƙarin in ba mabuƙata ba tare da sa ran lada ba, uwar kuɗin in kawo masa. Shi duk kaka yakan sayi busasshen barkono daga ƙauyuka ya kulle a ɗaki, sai damina ta faɗi barkono ya yi tsada ya sayar.

"Ke ki kawo jari, ni in juya, mu raba riba. Halal tsantsa. Kuma abin da za ki samu ya fi na bankin naki nesa ba kusa ba."

Kaina a ƙasa na ce, "Baffa, in wata lalura ta taso fa?"

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Lalura ta taso a gidan nan ina raye, ke ce za ki ɗauke ta?"

Da na koma, Inna ta ce, "Ki kai masa. A gidansa muke."

Na kai masa. Lokacin kaka ne, cikin 'yan kwanaki aka fara shigo da buhuna. Ɗakin ajiyar bango ɗaya ne da ɗakinmu, ga ƙaton kwaɗo a ƙofar, makullin a aljihun Baffa. In rana ta take sai yajin ya riƙa tsatsowa ta saman bango mu yi ta tari. Auta takan goge hanci ta ce, "Yaya Taifireta, kuɗinki sun sa ni atishawa. Ki biya ni."

Bazara ta shigo. Wata safiya Inna ta aiki Auta ta kai wa wata 'yar uwarta saƙo a Kwarbai. A hanyar dawowa ta biyo ta bakin kududdufin da ke kusa da ganuwa. Waɗanda suka gani sun ce karen bai yi haushi ba. Ba na kowa ba ne a unguwar, ba wanda ya taɓa ganinsa. Ya taho ne kawai, wutsiya a ƙasa, baki na dalala, ya wuce mutum biyu manya ya kama yarinyar a wuyan hannu, da ta faɗi ya ƙara mata a damtse. Maza suka bi shi da jifa ya fice ta inda ganuwa ta zube, ba a sake ganinsa ba.

Ranar ban je aiki ba. Matan makwabta suka shigo da ita tana ihu. Kafin in fito Gwaggo ta ɗebo toka za ta zuba. Na janye hannun, na kai Auta bakin randa na yi ta wankewa da sabulu kamar yadda aka koya mana a darasin kiwon lafiya, tana kuka tana zagina, Gwaggo na cewa, "Ku ba likita wuri, likita ta iso." Na goya ta, duk da ta wuce goyo, muka fita Ƙofar Doka muka hau bas zuwa asibiti.

Nas ɗin da ta duba ta babbar mace ce, ba ta da wasa a fuska. Ta wanke, ta ɗaure, sannan ta tambaye ni ina karen. Na ce ya gudu. Ta tambayi yadda yake. Na faɗa mata abin da aka gaya mini. Ta ajiye almakashi ta ja ni gefe inda Auta ba za ta ji ba. Ta ce dole a yi mata allurar cizon mahaukacin kare. Tsohuwar da ake yi wa mutum a ciki ta ƙare musu tuntuni, sabuwar kuma sai a babban kemis mai firji a Sabon Gari. Ba guda ɗaya ba ce, ana yi ne a jere da tazara, kuma a fara yau ko gobe.

"Ciwon hannun zai warke," in ji ta. "Kar warkewar ta ruɗe ku. Abin yana tafiya ne a ciki. In ya riga ya nuna kansa, ba likitan da zai iya komai, ba nan ba, ba ƙasar waje ba. Kin ji ni?"

Na ce na ji.

A kemis mutumin ya faɗa mini kuɗin. Suna da yawa, amma hankalina ya ɗan kwanta, domin abin da na ba Baffa ya isa duka har da saura. Na ce a raina, ai don irin wannan ranar na yi ajiyar.

Muka dawo ana tsakar karatu a zaure. A gidanmu mace ba ta magana a zaure in ana karatu. Takalmi a hannu, kai a ƙasa, ki wuce ta gefen bango kamar ba ki nan. Haka muka wuce, Auta da farin bandeji a hannu, ta gaban Baffa, bai ɗago daga littafi ba. Na ajiye ta wurin Inna na dawo na tsaya bayan ƙofar zaure ina jin muryarsa yana fassara, ɗalibai na cewa na'am, na'am. Sai da aka kira azahar suka watse, ya yi salla, ya ci abinci, sannan aka ce in shiga.

Ya sa aka kawo Auta, ya kwance bandejin ya duba. "Wannan ƙwarzanen ne aka tayar da gida a kai?" Ya tofa mata addu'a, ya ce zai yi mata rubutu, ya sallame ta.

Na faɗa masa abin da nas ta ce, tiryan-tiryan. Na ce ina roƙon a ba ni daga cikin kuɗina.

"Waɗanne kuɗi? Kuɗinki barkono ne yanzu."

"To Baffa, a sayar."

"A bazara? Kin san nawa buhu yake yau a kasuwa? Ko uwar kuɗi ba zai mayar ba." Ya gyara zama, muryarsa ta koma irin ta zaure. "Bari in gaya miki abin da ba a koya muku a boko ba. In mutum ya ba da jari aka sayi kaya da shi, magana ta fita daga hannunsa. Mai jari ba ya tilasta wa mai juyawa ya sayar kafin lokacin kasuwar kayan ya yi. Ba ni na ƙirƙira ba, hukunci ne. Kin ba ni da hannunki, kin yarda."

"Ko buhu kaɗan, Baffa. Abin da zai isa allurar kawai."

"In na buɗe ɗakin nan yau, gobe duk kasuwa ta ji cewa na matsu. Sai su taya sauran yadda suka ga dama. Ba kuɗinki kaɗai ke ciki ba."

"To a ranta mini, in an sayar a cire."

"Nawa kuɗin ma suna ciki."

Gwaggo na bakin ƙofa, ban san lokacin da ta zo ba. Ta ce, "Wai wa ma ya ce karen mahaukaci ne? Ko kin buga shi a taifireta ya faɗa miki? Mu nan kare nawa ya cije mu muna yara, ga mu muna cin tuwo."

Baffa ya ce, "Tashi ki je. Allah ne mai tsarewa."

Da yamma na cire 'yan kunnena da agogon hannuna na kai wa dillaliya, ita dai wadda ta kwashe kwanukan Inna. Labari ya riga ni isa. Ta juya su a tafin hannu ta ce, "Allah sarki, Auta. Ya jikin nata?" Sannan ta taya abin da ta ga dama. Na sallama. Kuɗin ya sayi allura ɗaya, kashegari aka yi mata.

Saura sauran. A lokacin an daɗe ba a biya mu albashi ba, kowa a ofis bashi yake ci. Na je Gyallesu wurin abokiyar aikina, ta juye jakarta a gabana, abin da ya fito bai kai rabin allura ba. Na je gidan wani abokin mahaifinmu, ya saurare ni, ya ce ai wannan maganar Malam ce, wato Baffa, shi ba zai shiga gaban Malam ba. Ashe daga nan ya wuce zauren gidanmu.

Baffa bai kira ni ba, Inna ya kira. Ta dawo idonta jawur, ta zauna bakin gado. Sannan ta ce, "Ya ce kina yawo gari kina tona masa asiri, kina cewa ya kasa riƙe marayun ƙaninsa. Ya ce in kin ƙara, mu nemi wurin zama."

"Inna, nas ta ce..."

"Na ji abin da nas ta ce. Ina za mu?"

Ranar allura ta biyu ta zo ta wuce. Na sake durƙusawa a ƙofar Baffa, na sake. Daga nan ya daina amsa gaisuwata, in na ce ina kwana sai ya ci gaba da jan carbi har in tashi. Duk safiya ana kawo wa Auta rubutu a kofi ta shanye ta yatsine fuska.

Ciwon kuwa ya warke sarai, kamar yadda nas ta faɗa. Ya bar ɗan tabo mai sheƙi. Auta ta riƙa nuna wa ƙawayenta, tana ba su labarin yadda ta yi kokawa da kare, kullum karen na ƙara girma. Ta fi kowa murna da ba a ci gaba da allurar ba. Takan ce, "Da Yaya ta samu yadda take so da yanzu na zama rariya." Gwaggo in ta gan mu tare sai ta ce, "Likita, ya mara lafiyarki? Ta fara haushin?" Matan gida su yi dariya. Ni kuma in kwanta in kalli bangon da ke tsakanina da buhunan. In na miƙa hannu ina taɓa shi.

Hadari ya fara haɗuwa, an yi yayyafi sau ɗaya ko biyu. Baffa ya fara fara'a, ana cewa barkono ya soma motsi a kasuwa, saura kaɗan.

Auta ta fara da susar tabon. Ta ce kamar tururuwa na tafiya a cikin hannun. Sai zazzaɓi, aka ce na shigowar damina ne. Ta daina surutu, ta riƙa zama a lungun ɗaki, in an yi mata magana ta yi tsaki. Wata safiya Inna ta miƙa mata ruwa a moɗa. Ta karɓa da hannu biyu, ta kai baki, sai wuyanta ya ƙage, idanunta suka firfito, ta yi jifa da moɗar ta manne a bango tana neman numfashi. Inna ta ɗauki mafici za ta yi mata fifita, iskar na taɓa fuskarta abin ya sake dawowa.

Ni na san mene ne. Na tsaya a tsakiyar ɗaki ina kallonta.

Abin da ba a gaya mini ba shi ne, tsakanin tashin ciwon tana cikin hankalinta. Ta san mu. Ta ce, "Yaya, ƙishi nake ji. Amma ki ɓoye kofin, kar in gan shi." Ta ce, "Yaya, me na yi?"

Gwaggo ta ce iska ce ta bakin kududdufi, dama wurin ba shi da kyau. Aka gaya wa Baffa, ya dakatar da karatu ya shigo da kansa, abin da bai taɓa yi ba tun rasuwar mahaifinmu, da rubutu a kofi. Auta na ganin kofin ta fara ihu. Ya ce a riƙe ta. Na ce, "Baffa, ba za ta iya ba, maƙogwaronta ne." Ya ce, "Na ce a riƙe ta." Gwaggo ta danne ƙafafu, ni na rungume ta ta baya don kar wani ya riƙe ta da ƙarfin da ya fi nawa. Ta yakushe mini hannaye har jini, yawunta na zuba a kai. Baffa ya sa yatsu ya buɗe bakinta zai ɗura. Haƙoranta suka datse a kan babban ɗan yatsansa. Ba da gangan ba ne, ni da ke riƙe da ita na ji yadda duk jikinta ya sandare. Da ya zare hannun jini na bin gwiwar hannunsa. Ya ɗaga ɗaya hannun ya mare ta.

Inna ta yi wani sauti da ban taɓa jin ta yi ba. Ta sunkuci yarinyar ta fita da ita ta zaure, ba mayafi, ta tsakiyar ɗalibai.

A asibiti likita bai daɗe yana dubawa ba. Aka kai ta wani ɗaki a gefe, aka rufe tagogi, aka yi mata allurar barci. Ya ce abin da ya rage shi ne a rage mata wahala. Sannan ya tambaya ko akwai wanda ta ciza, ko wanda yawunta ya taɓa masa rauni. Ya duba hannayena ya ce ni ma sai an yi mini allurar, duka, kuma kar in jinkirta. Baffa ya biyo mu da ɗaya daga cikin ɗalibansa, yatsan naɗe da tsumma. Yana tsaye a bakin ƙofa ya ji komai. Ya matso ya kwance tsumman ya nuna wa likita. Ya tambaya, likita ya amsa. Ya sake tambaya, da wasu kalmomin, likita ya sake ba shi amsa ɗaya.

Da la'asar na koma gida in ɗauko wa Inna mayafi da zane. Tun daga bakin lungu na ga motar a-kori-kura a ƙofar gida. Ɗakin ajiya a buɗe, kwaɗon na rataye. 'Yan dako sun ɗaure hanci da tsumma suna fitowa da buhuna suna atishawa. Wani ɗan kasuwa na tsaye yana murmushi irin na wanda ya san an matsu. Baffa na gefe da sabon farin bandeji a yatsa, yana cewa, "Ku yi sauri, ku yi sauri, kafin a rufe kemis."

Na tsaya riƙe da takalmina a hannu. Ya gan ni. Ya juya ya ci gaba da magana da ɗan kasuwar.

Auta ta rasu bayan kwana biyu, kafin azahar. Ba zan rubuta yadda kwanakin nan suka kasance ba. Zaure ya cika da masu ta'aziyya, ina jin su ta bango suna ba Baffa haƙuri, suna cewa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, har rauni ya ji a wurin yi mata magani.

Sai bayan sadakar uku ya aiko a kira ni. Na durƙusa inda na saba. Ya turo mini kuɗi naɗe a takarda. Ya ce an sayar da kaya a kan faɗuwa, saboda lalura. Ya ce a hukunci faɗuwa a kan mai jari take, shi mai juyawa wahalarsa ce ta tafi a banza, don haka ya cire abin da ya hau kaina, ga saura.

"Ni na riga na fara tawa allurar," in ji shi. "Likita ya ce ke ma ki yi. Ki je ki yi, kar ki yi wasa da lafiyarki. Ku yaran yanzu sakaci gare ku."

Na ɗauka. Na tashi na fita. A ɗaki na buɗe takardar. Duk da faɗuwar, duk da abin da ya cire, kuɗin sun isa allurar mutum ɗaya tun daga farko har ƙarshe.

Na je kemis ɗin nan dai na Sabon Gari. Mutumin ya gane ni. Yana buɗe firji ya ce, "A'a, Malama, ina kika shige? Ya ƙanwar taki? Ɗaya kawai kuka saya ba ku dawo ba." Na ce masa wannan tawa ce. Ya dubi hannayena, ya dubi fuskata, bai ƙara tambaya ba. Nas ɗin nan ita ta yi mini, duka, kowace a ranarta. Ba ta taɓa ce mini ai na gaya miki ba. Ranar ta ƙarshe ta ce in kwantar da hankalina, na tsira, kodayake na fara a makare.

Makonni kaɗan bayan haka barkono ya yi tsadar da aka daɗe ba a ga irinta ba. Na ji Gwaggo na gaya wa wata baƙuwa a tsakar gida cewa yarinyar nan ta tafi ta ja wa Malam asara.

Har yau a gidan muke, ba mu da wani. An biya mu albashin da muke bi, na ci gaba da cire wani abu. Ban koma banki ba, domin a gidan nan ba abin da ke ɓoyuwa. Na ɗinka lalita na ɗaura a ƙugu a ƙarƙashin zane, da ita nake kwana, da ita nake zuwa aiki, in zan yi wanka in rataye ta inda idona ke kai. Na san kuɗin na lalacewa a ciki, duk wata abin da za su saya raguwa yake, ba ƙari ba riba. Abokiyar aikina ta ce wauta ce. Wataƙila. Amma ba sai na durƙusa wa kowa ba kafin in taɓa su.

An kusa shekara yanzu. Nas ta ce na tsira, kuma na yarda da ita. Sai dai in tabon yakushin ya yi mini ƙaiƙayi ko kaɗan, sai in ajiye duk abin da nake yi in nufi randa. In ɗebo ruwa, in tsaya ina kallonsa, in kai baki a hankali, in jira in ji ko maƙogwarona zai karɓa. Wani lokaci a ofis ma haka nake yi, har sun fara ce mini mai ƙishirwa. A gida kuwa duk sanda na ɗaga moɗa Inna takan dakatar da abin da take yi. Wuyana take kallo har sai na haɗiye, sannan ta koma kan aikinta.